Guduma da Lauje a Takardar Ƙosai

Ina buɗe ƙunshin ƙosaina a Bompai, sai ga zanen guduma da lauje, man suya ya jiƙa shi sharkaf. Ƙasidar 'yan gurguzu ce ta tsoffin ma'aikatan masaƙa, irin wadda na daɗe ina tarawa.

Da sauri na koma wajen mai ƙosan.

"Inna, ina kuka samo takardun nan?"

"Na marigayi maigidana ne, ɗan nan. Buhu guda ya bari, har da na masu zaginsu. Rabi na hura wuta da su."

Na kawo mata tsoffin jaridu, muka yi musaya da ragowar buhun.

Gobe sai Sharada, ba mai tsiren da zan tsallake. Ku fa, kun taɓa karanta takardar kafin ku yar?