Mai Riƙon Takalma

Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na ajiye, amma abin da kunnena ya ji ba ya ɓacewa. Ko yanzu in na rufe ido ina jin kukan 'yar kujerar Kaka in ta jawo ta bakin murhu, a gidanmu na Orozo, tun bayan gidan yana gonar doya. Kaka ita ta haifi babanmu, kuma a hannunta na tashi. Dafaffiyar gyaɗa take sayarwa. Da an sallame magariba sai ta ɗora tukunyar gobe, mu kuma mu kewaye wutar, ni da Blessing 'yar maƙwabtanmu mutanen Filato da sauran yaran layi, kowa na fakon ɓawon da ya fashe, don wanda ya fashe namu ne.

Tana da nata salon buɗewa. Sai ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, "Ga wata can tafe, ƙafa duk taɓo." Mu ce, "Ta shigo, mun share ɗaki." In Blessing ta riga mu amsawa da karyayyar Hausarta, Kaka ta ce, "Kun ji 'yar coci ta fi ku ladabi."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai wadda ba ta cika yi ba, sai in ranta ya ɗan yi sanyi. Ta wata mata ce mai 'ya'ya uku. A ƙasarsu akwai wani gari mai katanga, inda ake biki sau ɗaya a shekara bakwai. Ciki akwai kiɗa, akwai tsuntsaye masu rawa, akwai lilon da ke kai mutum har ya shafi gajimare. Mai gadin ƙofa wuri ɗaya, irin kuɗin da, yake karɓa a kan kowane kai. Matar nan ta yi ta saƙa tana tarawa, har ranar ta zo, ta yi wa yara wanka, ita ma ta ɗaura zanenta na ƙasan adaka, suka kama hanya. A bakin ƙofa aka ce ba a shiga da takalmi. Babban ya ce, "Inna, mu shiga." Ta ce, "Ku je, ƙafata na ciwo. Kawo takalmanku in riƙe." Suka miƙa mata, suka ruga.

To ashe a cikin garin nan wuni ɗaya shekaru ne a waje. Da suka gaji suka fito, ba uwa. Sai wata bishiya a daidai inda suka bar ta, rassanta duk sun karkata kan katanga kamar mai leƙe, takalma ƙafa uku na reto a jikinta. Ƙaramar ta sa hannu a kogon bishiyar, ta ciro wuri guda ɗaya.

Nan Kaka ke tsayawa. Ta ja itace baya ta ce, "Ta ƙare, wuta ma ta gaji." Sai ta tambaye mu me muka ji. Mu ce, kada yaro ya daɗe a wurin wasa. Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, haka kuka ji? Madalla. Ku tashi, an kusa kiran lisha." Ba wanda ya taɓa tambayarta wurin nan na cikin kogo na mene ne.

Akwai halin Kaka da duk gidan ya sani. Ba ta karɓar tayin farko. Ko yunwa za ta kashe ta, ka ce ga tuwo, za ta ce ta ƙoshi. Ka sake, ta ce ku dai ci, yara ne. Sai a na uku take cewa, "To tunda kun matsa," ta wanke hannu. Haka aka rene ta a ƙauyensu, babba ba ya nuna kwaɗayi. Ni na fi kowa sanin wannan, don ni ke kai mata kwano.

Shekaru suka wuce. Babanmu ya rasu, na yi aure a Karu, na ɗauko Kaka ta dawo wurina. Ta tsufa sosai amma idonta garau, bakinta kuwa sai abin da ya ƙaru. Yarana uku, Ummi da Sadiƙu da auta Nana, ta mayar da su abokan faɗa. Sadiƙu take kira maigidana, kullum tana masa gorin bai kawo cefane ba.

Wata ƙaramar Sallah, tun farkon azumi mijina Baban Ummi ya ce bana sai ya kai yara wurin wasan nan na cikin gari, mai lilo da jirgin ƙasa na yara. Direba ne, ogansa ya yi tafiya ya bar masa mota. Kwana uku kafin Sallah muka zauna a tsakar gida bayan shan ruwa, ya buɗe waya yana karanto mana irin tikitin da ake da su. Akwai na shiga kawai, ka zagaya ka yi kallo. Akwai wanda kowane lilo sai ka biya daban. Akwai kuma na iyali, manya biyu yara uku, a ɗaura muku wata takarda mai launi a hannu, ku hau duk abin da kuke so har yamma.

Muka yi ta ja. Ni na ce a ɗauki na biya-daban, tunda Nana ba ta kai tsayin sandar da ake auna yara ba, rabin lilon ba za a bar ta ta hau ba, asara ce. Shi ya ce ba zai tsaya a rana yana ciniki da Sadiƙu a gindin kowane lilo ba. Sadiƙu ya ce shi ko sau goma zai hau. Ummi ta ce ƙarya ne, a keke mai ƙafa uku zuwa Masaka ma amai yake yi. Aka yi dariya. Kaka na kan tabarma tana jan carbi, amma na ga ta daina ja lokacin da aka nuna hoton babban lilon nan mai kama da ƙafar keke.

Ta ce, "Wannan in ya kai mutum sama, ana ganin garin duka?"

Baban Ummi ya ce, "Duka, Kaka. Har duwatsu."

Ta ce, "Ikon Allah." Ta ci gaba da jan carbinta.

Muka tsaya a kan na iyali. Manya biyu, yara uku, lissafi ya cika cif. Baban Ummi, Allah ya sani, ya ɗago ya ce, "Kaka, a ƙara miki na shiga? Akwai wuri a mota." Ta ce, "Wa? Ni? Ku je, ƙafata na ciwo. Ni zan riƙe muku gida." Ya ce to, ya danna waya. Shi tashin barikin soja ne, a wurinsu a'a a'a ce. Ni ce na san Kaka. Ina zaune a wurin, kunnen nan nawa da nake taƙama da shi ya ji kalmomin sarai, amma hankalina na kan ɗinkin yara da bai iso ba, da tunanin wa zai riƙa tura tsohuwa cikin cunkoso. Ban sake mata tayi ba. Kuɗin shigarta bai kai na kazar da muka yanka ranar ba.

Washegarin Sallah muka shirya. Na fito na tarar da Kaka a bakin ƙofa ta yi wanka, ta sa wata sabuwar atamfa shuɗiya da ban san da ita ba, har da kwalli. Na ce, "Kaka, wannan gayu fa?" Ta ce, "Sallah ce, ko an hana tsofaffi?" Yara suka canja zuwa sababbin takalma a nan bakin ƙofa, suka watsar da silifas ɗinsu. Da motar ta juya, na hango ta ta madubi ta sunkuya tana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Yara sun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sadiƙu ya yi aman da aka ce zai yi. Nana ta yi kuka a gindin sandar awo, har mai tsaron ya ce, "Madam, ba laifi na ba ne, shi bai kai ba." Amma babban lilon kowa na hawa, har jarirai a hannun iyayensu. A kwandon da ke gabanmu wata tsohuwa ce da jikokinta, ta fi Kaka lalacewar ƙafa, da sanda aka shigar da ita. Tafiyarsa a hankali, kamar ana ɗaga tire. Da muka kai sama na ga garin shimfiɗe.

Da muka dawo, ranar yara ne suka yi mata tatsuniya. Ta sa aka hura gawayi a kurfoti, ta zaunar da su, ta ce a fara daga bakin ƙofa, kada a tsallake komai. Ta tambayi Ummi ko an ga dogayen benayen nan daga sama. Nana ta ciro takardar hannunta ta ɗaura wa Kaka da zare. Kaka ta juya hannu tana kallo ta ce, "To, ni ma na shiga." Na ce, "Babbar Sallah da ke za mu, in sha Allahu." Ta ce, "Allah ya kai mu."

Bai kai mu ba. Saura sati biyu ta kwanta, zazzaɓin kwana huɗu, Allah ya yi mata rasuwa.

Ranar uku Blessing ta zo gaisuwa. Tela ce yanzu, shagonta na bakin kasuwar Karu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Kai, ko ba komai Kaka ya hau abin nan kafin ya tafi." Na ce wane abu? Ta ce ai tun tsakiyar azumi, da Kaka ta ji ana zancen fita, ta aika mata atamfa a ɓoye, ta ce a ɗinka da wuri. Kaka ta ce mata mijinta, kakanmu, ya yi shekaru yana ɗaukar bulo a kansa lokacin da ake gina garin nan, har ya mutu ita ba ta taɓa ganin abin da ya gina ba sai ta tagar bas. Tana so ta gan shi daga sama sau ɗaya. Blessing ta ga fuskata, ta ce, "Ba ku tafi da shi ba?"

Da muka buɗe kwallarta don raba kaya, atamfar na ciki a ninke. A ƙasanta takardar Nana, da wani ƙullin leda na 'yan canjin da take tarawa. Na san na mene ne. Ko da mun ce ba kuɗi, ta shirya biyan nata. Tayi na biyu kawai take jira.

Shekara talatin ina ɗauka tatsuniyar nan ta yara ce masu daɗewa a wasa. Ashe wurin nan na kogo shi ne na huɗu. Matar tana da kuɗin shigarta a hannu, da zanenta na ƙasan adaka a jiki.

Kwanan baya aka ɗauke wuta da magariba, na hura gawayi, Nana ta ce in yi musu irin ta Kaka. Na buga cokali a bakin tukunya na yi musu ta mai riƙon takalma. Da na kai ƙarshe na tambaye su me suka ji. Sadiƙu ya ce kada a daɗe a wasa. Nana ta ɗan yi tunani, ta ce, "Umma, me ya sa ba su sake tambayarta ba?"

Na ja gawayin baya. Na ce su tashi, an kusa kiran lisha.