Goɗiyata da Injin Rake

Ina da i'ina tun ina ƙarami, samarin Gubuchi kuwa ba su taɓa barina na manta ba. Da na zama saurayi sai na daina zuwa dandali. Ko masallaci, kafin a shafa addu'a na sulale. Wajen shekara huɗu ba ni da abokin hira sai goɗiyar da mahaifina ya bar mini. Abin mamaki, in da ita nake magana harshena ba ya sarƙewa.

Zamanin Turawa ne, lokacin da injin matse rake, irin wanda doki ke juyawa, ya shigo ƙasar Makarfi. Kawuna ya sayo ɗaya don yin mazarƙwaila, ya aiko aron goɗiyata. Na bayar, na koma ɗaki. Kafin azahar sai ga shi da kansa, gumi sharkaf.

"Tashi mu je. Dabbar nan taka ta kafe, ko taku ɗaya ta ƙi yi."

"Ka-kawu, akwai mu-mutane a wurin."

"To, da aljanu ne za su matse mini raken?"

Haka na bi shi fadama, kaina a sunkuye. Ina yi wa goɗiyar magana a kunne ta kama zagaye, ina yin shiru ta tsaya. Dole na yini ina bin ta ina surutu.

Rana ta uku na shagala, na manta da jama'a. Na ce mata, "Kin ga mai juya tukunyar can? Wai ɗanɗana ruwan rake yake yi. Ƙoƙo na biyar ke nan tun safe."

Ashe muryata ta fita. Wurin ya kaure da dariya, har kawu ya zauna a ƙasa. Na so in gudu, amma mutumin ya tare ni da ƙoƙon a hannu.

"Na shida ne, ɗan'uwa, ɗaya ya wuce ka. Zo ka taya ni."

Ranar na ci tuwo a akushi ɗaya da su. I'inar ba ta bar ni ba, sai dai sun koyi jirana in ƙarasa. Da rani ya yi nisa, tare muka riƙa kora jakuna zuwa kasuwar Makarfi. Mai juya tukunyar nan shi ya raka ni zance wurin wata yarinya a garin Likoro, ya cika ta da surutu har ta ce ya yi shiru, ni take son ji.