Rakodar Anti a Kan Kabad Ɗina

Ɗana na fari ya kusa shekara uku bai taɓa cewa uffan a gaban mutane ba. In yana son ruwa ya nuna randa, in yana son fita ya ja zanen kakarsa. Kakar tasa, uwar mijina da muke kira Inna, ta yi haƙuri har ta gaji. Rannan ta ce harshensa ne a ɗaure, ranar Asabar za ta aika a kira wanzami ya yanke tantanin da ke ƙasa.

Ni kuwa na san yana magana. Idan na saki labule muka rage mu biyu, bakinsa ba ya hutawa. To amma ɗan fari ne. Tun da cikinsa aka ja mini kunne: ba a yi wa ɗan fari wasa a gaban surukai, ba a nuna an damu da shi. Da Inna ta ɗaga labule sai in yi gum in kau da kai, shi ma ya yi gum ya kau da kai. Ta yaya zan buɗe baki in ce mata hira muke yi?

Na gaya wa babansa a waya, yana Fatakwal yana tuƙin babbar mota. Ya yi dariya ya ce, "Ke ko tari ya yi cewa za ki yi karatu ya ja. Bar Inna ta yi abin da ta sani."

Da hawayena na shiga gidan maƙwabciyarmu, wadda duk layin ke ce wa Anti. A jami'a take aiki, ɓangaren Kongo, kuma ita ke ɗaukar waƙoƙin cocinsu ranar Lahadi ana ji kai tsaye a waya, saboda tsofaffin da ba sa iya zuwa. Na ce ko in ɗauke shi da wayata. Ta ce da ya ga waya zai wawure, ga injin markaɗen bayan gida, ga shi yaron a hankali yake magana. Ta ɗauko rakodarta, ba ta kai tsawon tafin hannu ba, da wata hularta ta tare iska, mai gashi kamar bayan kyanwa. Ta sa batir, ta tura ɗan kati a gefe, ta nuna mini layukan da ke tsalle in an yi magana.

"In sun yi ja, ƙara ta yi yawa, ki rage nan. Jan maɓallin nan kuma ki danna shi sau biyu, ba sau ɗaya ba."

Tsoro ya hana ni barin kayan mutane a fili. Na naɗe ta a zane, na sa a langa, na rufe, na tura ƙarƙashin gado. Da muka saurara washegari ba a jin komai sai gunji kamar hadari daga nesa. Anti ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Maman yaro, tuwon baƙo na ba ki ajiya? Kunne ce fa. Wa ke ji da murfi a ka?"

Ita da kanta ta zo ta ɗora ta kan kabad, ta juya bakin rakodar wajen tabarma. Wannan karon da ta sa mini abin ji a kunne sai da na zabura. Ga muryarsa tas, har da jan hancinsa. Amma ga tawa a sama da tasa, ina ce masa sarkina, ina yi masa waƙar da ban san ina yi da ƙarfi haka ba. Na roƙe ta ta cire ni.

"Zan iya. Amma Inna za ta ce ɗan wani muka ɗauko. Gara ta gan shi ya shiga ɗaki da idonta, ta ji shi a lokacin da yake yi. Kuma ba zai yi ba sai kin yi."

Ranar Juma'a bayan la'asar ta haɗa rakodar da wayarta da wata 'yar igiya, ta kira wayata, ta sa babansa a layi. Ta ɗauki tawa ta je ta zauna kusa da Inna a gindin gwaiba. Na ja hannunsa muka shiga, na saki labule.

Muka zauna a tabarma. Ina kallon layukan nan a kwance, ba motsi. Shi ma ya zuba mini ido yana jira. Na tuna ƙahon wanzami da askarsa a cikin zabira. Na runtse ido na ce, "Sarkina, zo ka gaya mini, me Inna ta ce da safe?"

Ya miƙe, ya riƙe ƙugu, ya ƙanƙance murya: "Wa ya bar mini buta a rana? Gidan nan ba a jin magana."

Daga tsakar gida na jiyo salati. Sai muryar babansa ta waya yana ta tambaya, "Shi ne? Inna, shi ne?"

Inna ta ɗaga labule, wayar na hannunta. Na sunkuyar da kai, ji nake kamar in nutse. Ba ta kalle ni ba, kuma na gode mata da hakan har yau. Shi ta tsaya a kansa.

"Ashe maigidan nawa gulmata kake yi a ɗaki? Ni da nake raba ƙosaina da kai?"

Ya ɓoye fuska a bayana, yana leƙenta da ido ɗaya. Ta juya za ta fita, sai ta ce, kamar da bango take, "Wanzamin ma an ce ba ya gari."

Kafin magariba na ga ta zaunar da shi a cinya a bakin murhu tana tsokanarsa ya sake. Bai sake ba ranar. Sai bayan sallar layya ya fara ba ta amsa, kuma kalmarsa ta farko gare ta ita ce a'a.