Faifan Inno ta Kanya Babba

Da an sallame sallar La'asar Inno take shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta jera faifai goma sha biyu, ta ɗora wa kowanne gaɓar karan dawa uku. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka a Kanya Babba. Yaran unguwa su shigo, kowa ya ja faifansa. Ita take ɓare karan, ta kankare kaifin ɓawon don kada ya yanki yaro. Su kuma su karya totuwar cikin, su soka mata ɓawo. Ba gam, ba fenti, ba ƙusa. A haka mota take fita, da gadon 'yar tsana, da tabarau.

Dokokinta biyu ne. Duk abin da zai zuba, a faifai zai zuba, in an tashi a juye a murhu. Shi ya sa ko da yara suka kai aikin gidajensu, ba uwar da ta ɗauki tsintsiya a bayansu. Ta biyu: ba mai tafiya da abin da ba hannunsa ne ya yi ba.

Ban saba yabon mutum ba, karatuna kuma bai yi nisa ba. Abin da na gani zan faɗa.

Jikata Sadiqa tana shekara bakwai tukunyar kunu ta kife mata a hannun dama. Ciwon ya warke, yatsun suka ƙage. Likita ya ce in ba ta riƙa motsa su ba, haka za su zauna har abada. Ita kuwa ta cusa hannun cikin hijabi, ko uwarta Lailatu ba ta yarda ta taɓa. Da lallashi da tsawa duk mun gwada.

Lailatu ta kai ta gidan Inno don ta rage kuka. Ranar tabarau ake yi. Sai an kama ɓawo da hannu biyu an lanƙwasa shi ya zagayo, sannan a soka bakinsa a totuwa. Yara suka gama, suka maƙala a hanci, suna tafiyar manyan malamai. Sadiqa ta kama nata da haƙori.

"Ke, rake na ba ki?" in ji Inno. "Haƙori na tuwo ne. Ina ɗayan hannun?"

"Ba ya yi."

"To tabarau ma ba ya yi."

Lailatu ta ce, "Inno, don Allah ki yi mata ɗaya. Yarinya ce, ga lalura."

"'Yar nan, in na yi mata yau, wa zai yi mata ranar da ba na nan?"

Sadiqa ta dawo gida hannu wofi tana kuka. Ni na taka har ƙofar Inno na ce mata ba ta da tausayi. Ta bayan zaure ta amsa: "Malam, na ji. Gobe a turo ta."

Ban tura ta ba. Da ƙafarta ta tafi. Kwana goma sha tara tana karya ɓawo, faifanta yana cika da gutsattsari. Inno ba ta gaji da ɓare mata sabo ba. Daga baya Lailatu ta gaya mini cewa tsohuwar takan jiƙa na Sadiqa tun safe don ya yi laushi, ba tare da yarinyar ta sani ba. Rana ta ashirin Sadiqa ta shigo da tabarau, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ta tsaya a gabana.

"Tsoho, ka gaishe da likita."

Da hannun dama ta gyara shi a hancinta. Na duba yatsun, na kau da kai.

Yau tela ce a Babura, da wannan hannun take zura zare a allura.

Bana hannun Inno ya fara rawa, ɓawo ya yanke ta sau biyu, ta ce ta ajiye. Ba wanda ya taɓa ɗaukar ta aiki, balle a yi mata taron sallama. To ga nawa.

Inno, ke ce mai faifai. Ke kika ga hannu a inda muka ga tabo. Na ce ba ki da tausayi, a gaban mutane na faɗa, a gaban mutane nake janyewa. Na gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiya.

Ku kuma masu yara, kara yana nan zube a kowace gona bayan girbi. Ku samo faifai, ku zauna da su, kada ku karɓe musu aikin.

Juma'ar da ta wuce na bi ta ƙofar gidan, na hango ta zaure an shimfiɗa tabarmar. Sadiqa ce ta zo daga Babura tana ɓare kara, Inno na gefe tana kallo. Na ji Inno tana cewa, "Kankare kaifin sosai, malama. Kuma ɓawonki ya faɗo ƙasa, ɗauke shi."