Siniyar Maƙwabciyata

A unguwarmu a Gadarif, gidan da aka yi rasuwa ba ya hura wuta. Maƙwabta ne ke aiko da siniya, wato babban faranti cike da abinci. Wadda aka cinye tata har aka suɗe kwano, to ta san ana yi da ita.

Maƙwabciyata 'yar Tigrai ce. Yaƙi ya koro ta sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba, daga baya ta samu izinin zama a gari, ta kama ɗaki bayan katangarmu tana sayar da shayi a bakin kasuwa. Matan unguwa na gaishe ta, amma ba mai sa hannu a kwanonta, wai Kirista ce, wa ya san wanda ya yanka namanta. Abin yana ci mini rai, don ita ce ke shigowa ta taya ni juya mahaifiyata lokacin da jinya ta kwantar da ita. Wata rana ta ce mini da Larabcinta mai ɗingishi, "'Yar'uwa, in aka gama yankan riɗi zan koma sansani. Can aƙalla akwai mai ci da ni."

Kafin a gama yankan, mahaifiyata ta rasu.

Siniyoyi suka fara shigowa. Sai ga ta maƙwabciyata, injera, wato wainar ƙasarsu mai faɗi, da miyar nama, a sabuwar tukunya. Ta ajiye ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Ta ce a hankali, "Wurin mahaucinku na saya." Mata suka bi siniyar da ido, kowacce ta naɗe hannu. Wallahi na so in yi masifa, amma sai na ɓuge da kuka.

Gwaggona ce babba a ɗakin, kuma bakinta ba ya da linzami. Ta jawo siniyar gabanta, ta yi bisimilla, ta kai loma. Barkonon ya sa ta hawaye. Ta share da bakin mayafi ta ce, "Ku kam ba ku da kunya. Kakanmu a ƙafa ya iso garin nan kan hanyarsa ta Makka, ba wanda ya tambaye shi takarda kafin a miƙa masa kisra da miya. Ke 'yata, zo ki zauna, ki faɗa mini wa kike son kashewa da yajin nan."

Aka yi dariya a ɗakin makoki, Allah ya yafe mana. Hannuwa suka miƙe. Har yau ina gode musu su biyun, domin ranar ce na fara iya haɗiye abinci.

Bayan kaka aka yi wata rasuwa a ƙarshen layi. Matar da ke raba aiki ta buga ƙofar maƙwabciyata, ko gaisuwar kirki babu, ta ce, "Gobe karin kumallo naki ne, kar ki makara, kuma ki rage yaji."

Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga tana share ido. Ta ce, "Kin ji yadda ta yi mini faɗa? Ara mini babbar tukunyarki."