Ranar da Rakiya ta duba motar Alhaji Sale

Cikin aikin da na yi wa ƙungiyar taimakon juna ta unguwar Mansur, a Makka, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba. A farkon shekarun sittin ne, ina ɗalibi, ina ɗaukar karatu a Harami da safe, da yamma ina yi wa ƙungiya magatakarda. Sun ɗauke ni ne don rubutuna yana karantuwa, kuma ba na musu.

Ga waɗanda ba su sani ba, idan zafi ya tsananta a Makka, masu hali sukan hau Ɗa'ifa su sha iska. Ƙungiyarmu ta ƙudura kai yaran unguwa masu naƙasa can su ma su huta. Tsarin shi ne, bayan alhazai sun watse mukan bi masu kantuna, wannan ya ba da shinkafa, wancan tabarmi. A shekarar wani mai lambu ya ara mana rumfa. Mota kaɗai ta rage, kuma in babu ita babu tafiya.

Wadda ta fi damuna ita ce Rakiya, 'yar Inna Dije mai waina. Shan inna ya taɓa ƙafafunta, tana tafiya da ƙarafa da sanduna biyu. Da rani ƙarfen nan kan ɗauki zafi har ya sale mata fata.

Shugabanmu, Shaihu Bala, ya samo mana ganin Alhaji Sale, haifaffen Makka mai motocin jigilar alhazai. Dabararsa ita ce a kai yaran Alhaji ya gani da idonsa.

"Ustaz," in ji shi gare ni, "ka gaya wa iyayen a kawo su da kayan zaman gida. Wanda bai tsufa ba ma a bar shi a akwati."

Na bi gida gida, ina tsayawa bayan labule ina isar da saƙo, kaina a ƙasa. Inna Dije ta saurare ni har na gama.

"Ɗan nan, ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Inna."

"To ka ƙara. Yunwa ce ke sa mutum irin wannan zance."

Ranar zuwa, yaran suka fito kamar masu rakiyar amarya. Uwar da ba ta da kayan ado ta aro. Wani yaro makaho, Isuhu, ya sha farin tobe, doguwar rigar Larabawa, da turare, har da agogo. Rakiya kuwa ɗan kunnen zinariyar maƙwabciya ne a kunnenta, an ɗaura wa sandunanta kyalle mai sheƙi. Shaihu Bala ya dube su, ya dubi rigarsa, ya ce a hankali, "Yanzu ni ne abin tausayin."

A garejin Alhaji, Shaihu ya fara jawabin da ya shirya kan ƙunci da rashi. Alhaji yana sauraro yana kallon agogon Isuhu. Da aka gama ya ce, "Ɗayyib, madalla, ya Shaihu. Amma waɗannan ai sun fi direbobina kyan gani. Allah ya kawo wata shekara." Na fara naɗe takarduna.

Ashe Rakiya ta ja sandunanta ta zagaya wata tsohuwar mota da ke gefe, tana ƙwanƙwasa tayar.

"Ya Ammi," in ji ta ga Alhaji, wato baffa da Larabci, "wannan ce aka tura a hanyar Arfa?"

"Wa ya ce an tura?"

"Duk Mansur. Masu cin waina ma sun ce ba ta hawa tudu, balle dutsen Ɗa'ifa. Ni dai gara da ka hana. Ba na iya turi."

Direbobi suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Shaihu Bala ya shiga salati. Alhaji ya miƙe, ya gyara hula.

"Motata ce ba ta hawa dutse?"

"Haka aka ce, Ammi. Ni ban taɓa shiga ba."

Ya sa aka fito da sabuwar bas ɗinsa, wadda ko ledar kujerunta ba a cire ba. Ranar tafiya shi ya tuƙa da kansa, ya sa Rakiya a gaba don ta zama shaida. A kowace kwana sai ya tambaye ta, "An tura?" Ita kuma ta ce, "Da saura tukuna." Da muka isa, iska mai sanyi ta bugo, Rakiya ta taɓa ƙarfen ƙafarta ta ji ya yi sanyi. Sannan ta ce masa za ta gyara zancen a Mansur, in ya dawo ya ɗauke su.

Abin da na koya a wannan aiki, ku masu tasowa, shi ne tausayi yakan ce wata shekara, amma mai mota ba ya kwana da gori. Kuma tun daga ranar ban sake kai wa wata uwa saƙon ta rage wa ɗanta ado ba. Shaihu Bala ma da kansa, shekarar da ta biyo, sabuwar riga ya ɗinka.