Jan Wando, Wanda Ya Dawo da Kwaɗi Rafinmu

Kafin masu shago su buɗe ƙofa, shi ya riga ya isa magudanar da ke gangarowa daga tsohuwar mahaƙa, da manjagara a kafaɗa da takalmin roba har gwiwa. Sai ya shiga ruwan ya yi ta jujjuya tsakuwar farar ƙasa da aka shimfiɗa a ciki, yana kankare jan tsatsan da ya kwanta a kanta. In ya gama, ya tura baro ya ƙaro sabuwa. Jan nan in ya kama wando ba sabulun da ke fitar da shi, shi ya sa duk unguwa ba a san shi da wani suna ba sai Jan Wando. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa na ce ba zai tafi shiru ba.

Da masu haƙar ma'adinai suka kwashe rabonsu suka yi gaba, sun bar mana tsibin duwatsu masu ƙyalli kamar zinare. Dutsen nan muddin yana binne, lafiya lau. Amma iska da ruwan sama na taɓa shi sai ya fara tsatsa, ruwan da ya bi ta kansa ya fito jajir, da tsami mai cin ƙarfe. Ruwan nan ne ya sauka rafin da Gwaggo, yayar babana, take ban ruwan lambunta da shi. Da lambun ta riƙe ni da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Ganye ya ƙone, kifi ya mutu, kwaɗin da ke cika mana kunne suka yi tsit.

Sai hukuma ta ɗauko Jan Wando ya gyara ruwan. Mutanen unguwa suka ga baƙo kullum yana zuba wani farin abu a magudana yana fitowa jajir, nan take suka yanke hukunci shi ne mai ɓata rafi. Gwaggo ba ta aike. Da kanta ta tare shi, da ƙonannen kabeji a hannu.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Me kake zuba mana a ruwa? Dubi abincin marayu!"

"Baiwar Allah, zo ki gani da idonki," in ji shi. Ya kai ta gindin tsibin, ya ɗauko duwatsu biyu. "Kin san batirin tocila? Wannan mai ƙyallin da wannan baƙin, in suka jingina da juna ruwa ya shiga tsakani, batir suka zama. Ɗaya na cin ɗaya, dafin na gangarowa lambunki. Ni rabon faɗa nake yi. In raba su, in lulluɓe su da yumɓu kada su sha iska, abin da ya kuɓuce kuma farar ƙasa ta kashe masa tsami."

"To ni yaushe zan yi shuka?"

"Ranar da kwaɗo ya yi kuka a tafkin da ke ƙarshen magudanar nan. Kafin nan kada ki yi asarar iri."

Gwaggo ta dawo gida tana mita, wai ita da girmanta kwaɗo ne zai ba ta izinin noma. Ta koma wankau. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, lambu na nan a ƙeƙashe. Wani mai buga bulo ya yi ta zarya yana neman ta sayar masa da filin, kuma saura kaɗan ta amince.

Direban da ke kawo farar ƙasa ya shaida mini cewa akwai daminar da hanya ta yanke, kaya suka kasa zuwa. Jan Wando bai zauna jira ba. Tsohuwar tsakuwar ya riƙa tsamowa yana gogewa da burushin ƙarfe yana mayarwa, har yatsunsa suka tsattsage. Mai kemis ɗin unguwa, wanda ya ɗaure masa su, ya ce washegari a cikin ruwa ya gan shi.

Baba Jan Wando, kai ne ka sha zagi a kan ruwan da kake wankewa, ba ka rama ba. Kai ne mai raba faɗan duwatsu. Kai ne ka zo ƙofar gidanmu wata safiya, ka ƙi shiga don kada ka ɓata mana tabarma, ka ce, "A gaya wa mai lambu, baƙi sun iso." Na ga Gwaggo ta fita ko takalmi babu. Na same ta durƙushe a bakin tafki tana hawaye, ƙaton kwaɗo na ta yi mata kuka. Ban taɓa jin murya mai muni da ta faranta mini rai haka ba.

Yau lambun ya yi kore shar, kuma 'yar Gwaggo ta biyu ce za ta karɓi manjagara, don dutsen bai daina tsatsa ba.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar cin hutu. Ku kuma masu karatu, duk wanda aikinsa ya zama irin wanda ba a gani sai ranar da aka fasa yi, ya riƙe shi kamar yadda mutumin nan ya riƙe nasa.

Jiya Gwaggo ta kai masa farin wando sabon ɗinki. Ya jujjuya shi, ya ce zai sa, amma fa ba zai iya daina leƙa magudana ba.

"Na sani," in ji Gwaggo. "Shi ya sa na ɗinka biyu."